Daga Ƙahon Wanzami Zuwa Allurar Sin: Tarihin Neman Natsuwa

Kwanakin baya wani saurayi daga Kagara ta ƙasar Goronyo ya tsaya a tagar da nake ba da magani, ya miƙo takardar mahaifinsa. Na ƙirga masa ƙwayoyin hawan jini na wata guda, na yi masa bayanin yadda za a sha, amma bai tafi ba. Sai ya ciro waya ya nuna mini wani bidiyo. Mutum ne kwance a kan gado, an tsittsira masa siraran allurai a kunne da hannu, wata murya mai taushi tana gaya masa ya ja numfashi ya saki a hankali. Ya ce, “Likita, Baba ba ya barci tun daren da aka shiga ƙauyen da ke kusa da mu. An yi masa ƙaho sau biyu, malam ya yi masa tofi. Wannan na mutanen Sin ɗin, in an sami mai yi, zai fi? In ya fi, sai mu ajiye ƙwayar?”

Tambaya biyu ya haɗa a numfashi guda. Ta biyun na amsa nan take: kada a ajiye ƙwayar hawan jini ko da kwana ɗaya, sai da izinin likitan da ya rubuta ta. Ta farkon kuwa ba ta amsuwa a taga, ga layi a bayansa har bakin ƙofa. A kanta nake so mu zauna yau, domin gidaje da yawa a Wurno da Rabah da Goronyo suna da dattijo ko uwa ko yaro da barci ya ƙaurace wa idonsa a waɗannan shekaru na rashin tsaro. Abin da ake tallatawa yau a matsayin sabon salo, wato a taɓa jiki da tsini sannan a lallashi zuciya da magana, kakanninmu sun san irinsa tun da daɗewa. In ka san inda ya fito, za ka san abin da zai iya yi maka, ka kuma san iyakarsa.

Zaman ƙaho

Kafin a gina asibitin farko a ƙasar Hausa, wanzami ne mai riƙe da ƙarfen da ke taɓa jikin mutum. Shi ke askin suna ranar bakwai, shi ke kaciya, shi ke tsagar gado, shi ke cire belu. Kowane gida da wanzaminsa, sana'ar kuma gado ce, har tana da sarautarta ta Sarkin Aska. A cikin zabirarsa akwai aska babba da ƙarama, akwai kuma ƙahonin shanu da aka gyara, aka huda tsininsu.

Ka tuna yadda zaman yake, in ka taɓa gani. Da hantsi, a inuwar zaure ko gindin bishiya, mutum ya tuɓe riga ya ba da baya. Wanzami ya yi bisimilla, ya jiƙa wurin, ya ɗora ƙaho, ya zuƙe iskar da bakinsa ya toshe ƙofar. Fata ta taso. Ya cire, ya yi 'yan ƙananan tsage, ya mayar da ƙahon ya sake zuƙa. Abin da ya taru a ciki shi ake kira mataccen jini. Ido yakan tsaya a kan jinin, amma ka dubi sauran abin da ke faruwa. Mutumin da ya wuni jiya yana kai-kawo tsakanin gona da kasuwa, yau an tilasta masa zama wuri guda na tsawon lokaci, ba motsi, ba gaggawa. Hannun wanda ya sani tun yana jariri yana kan bayansa. Ana tambayarsa gida, ana tambayarsa damina, ana sauraron kukansa. In an gama, sau da yawa sai ya biya wajen malam a yi masa addu'a ko a ba shi rubutu. Ya koma gida yana cewa jikinsa ya yi sakayau.

Wani likita Ba'amurke, Lewis Wall, wanda ya zauna a wani ƙauye na yankin Malumfashi, ya wallafa littafi a kan maganin Hausawa a 1988. Cikin abin da ya lura da shi akwai faɗin kalmar lafiya a bakinmu. Da ita muke tambayar jiki, da ita muke tambayar gida da gari da hanya. Wanda hankalinsa ba a kwance yake ba, a wurinmu ba shi da lafiya, ko da ma'aunin zazzaɓi bai nuna komai ba.

Ƙaho ba namu ba ne mu kaɗai. Littattafan hadisi sun ambace shi tare da zuma cikin hanyoyin magani, sun kuma nuna rashin son lalas da wuta. Babban likitan Andalus, Az-Zahrawi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu wajen 1013, ya yi bayanin ƙaho da lalas a sashen tiyata na littafinsa At-Tasrif. Tun kafin shi, Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta littafi da ya raba gida biyu, rabi a kan maslahar jiki, rabi a kan maslahar rai, inda ya yi magana a kan tsoro da baƙin ciki da waswasi a matsayin cututtuka masu neman magani.

Alƙalamin Wurno

Wannan ilmi bai tsaya a ƙasashen Larabawa ba. A Wurno, garin ribaɗin da ke makwabtaka da Goronyo a kwarin Rima, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna a ƙarshen rayuwarsa, a nan ya rasu a 1837, a nan kabarinsa yake. Mutane sun fi saninsa da mulki da yaƙi da tarihi, amma yana cikin waɗanda suka fi rubutu a kan magani a wannan ƙasa a zamaninsa. Ya rubuta a kan ciwon ido, ya rubuta a kan basur, ya rubuta a kan wankin ciki da ganyen filasko. Wannan ganye har yau yana cikin magungunan da muke ajiyewa a kanta, sai dai an mayar da shi ƙwaya an sa masa sunan Turawa.

Baffansa, Malam Abdullahi na Gwandu, yana da littafi mai suna Masalihul Insan, wanda ya haɗa abin da ke gyara addinin mutum da abin da ke gyara jikinsa. 'Yar'uwarsa Nana Asma'u kuma, a 1839, shekara biyu bayan rasuwarsa, ta rubuta Tabshirul Ikhwan, inda ta tattara surorin da ake karantawa domin neman sauƙin cututtukan jiki da damuwar zuciya. Ka ga ke nan a gida guda, wani yana auna ganye, wata tana tsara abin da za a karanta wa mai jinya, ba kuma wanda ya ga aikin ɗan'uwansa a matsayin kishiyar nasa.

Akwai wani abu da ya kamata mai karatu ya riƙe game da Bello. Lokacin da Bature matafiyi Hugh Clapperton ya iso Sakkwato a 1824, cikin abubuwan da Sarkin Musulmi ya nema daga Ingila har da likita da zai zo ya zauna a ƙasarsa. Mutumin da ya san ƙaho, ya san addu'a, ya rubuta littattafan magani da hannunsa, bai ga kasawa ba a neman ilmin likitan wata ƙasa. Wanda ya ce maka riƙo da gado yana nufin juya wa asibiti baya, ka tuna masa da wannan.

A ɓangaren zuciya kuwa, mutanen wannan gida 'yan ɗariƙar Ƙadiriyya ne. Suna da wuridin safe da na yamma, suna da halwa, suna da zama bayan salla ana maimaita kalma guda da carbi a hannu, babba yana ja, na baya suna bi. Har yau a zawiyoyin Ƙadiriyya, musamman a Kano, ana yin zikirin anfasu, wanda ake ɗaura shi a kan shiga da fitar numfashi. Masu yin wannan ibada suke yi, ba saukar da hawan jini ya tara su ba, kuma bai dace a mayar da ibadar mutane motsa jiki ba. Sai dai likitoci sun zo daga baya sun auna abin da irin wannan zama yake yi wa bugun zuciya, za mu kuma iso wurin.

Tafiyar allurar Sin

A can gabas, mutanen Sin ma sun fara da ƙahon dabba. Tsohon sunan da suke kiran wannan aiki ma'anarsa hanyar ƙaho, kafin su koma ga gora da kofin gilashi. Irin tabonsa ne duniya ta gani a kafaɗar ɗan wasan ninƙaya Michael Phelps a gasar Olamfik ta Birazil a 2016, aka yi ta mamaki, alhali kowane yaro a Rabah ya san wannan zagayen tabo a bayan kakansa.

Abin da suka bambanta da mu shi ne allura. Tsirar allura, wadda ake kira akufanca, bayaninta yana cikin wani tsohon littafinsu mai suna Huangdi Neijing, wanda aka tattara fiye da shekara 2000 da suka wuce. A fahimtarsu, akwai wani ƙarfi da ke gudana a jiki ta wasu hanyoyi kamar magudanan ruwa a fadama, ciwo kuma toshewar magudana ne, allura ce ke buɗe ta. Ka lura da kamar da ke tsakanin wannan da batun mataccen jini: duka biyu suna ganin ciwo a matsayin abin da ya tsaya, magani kuma shi ne a sa shi ya motsa. A 1027 wani likitan fada, Wang Weiyi, ya sa aka ƙera mutum-mutumin tagulla mai ƙananan huji a wuraren da ake tsira allura, domin koyar da ɗalibai da jarraba su.

Kada ka ɗauka tafiyar ta miƙe ba gargada. A 1822 sarkin Sin ya hana koyar da ita a makarantar likitocin fada. Sai bayan 1949 gwamnatin Mao ta farfaɗo da ita, a lokacin da ƙasar ke da ɗimbin jama'a da ƙarancin likitocin zamani. Daga nan ta fara fita waje. A 1963 Sin ta tura tawagar likitocinta ta farko zuwa Afirka, a Aljeriya. Tun 1976 kuma lardin Guangxi yake tura likitoci zuwa Jamhuriyar Nijar, sun yi aiki a Yamai da Maraɗi da Damagaram, ta hannunsu Hausawa da dama suka fara ganin waɗannan allurai da idonsu.

Amurka kuwa ta waye da ita ne a 1971. Wani ɗan jarida na New York Times, James Reston, ya kamu da ciwon afendis a Beijin. An yi masa tiyata irin ta zamani, bayan tiyatar aka tsira masa allurai domin rage ciwon ciki, ya dawo ya ba da labari. Ka riƙe wannan da kyau: wuƙar likita ce ta cire afendis ɗin, allura ta zo ne daga baya domin sauƙaƙa raɗaɗi.

Batun allurar kunne da saurayin nan ya nuna mini yana da nasa tarihin. Wani likita Bafaranshe a birnin Liyon, Paul Nogier, a shekarun 1950 ya riƙa ganin tabon lalas a kunnen wasu majinyata, waɗanda wata mai maganin gargajiya ta ƙona musu domin ciwon baya mai sauka ƙafa. Daga nan ya zana taswirar kunne, wadda mutanen Sin suka karɓa suka faɗaɗa. A shekarun 1970 asibitin Lincoln da ke unguwar Bronx a New York ya fara amfani da allurar kunne ga masu fama da shaye-shaye. Tsarin da ya fito daga can shi ne allura biyar a kowane kunne, mutane su zauna tare a ɗaki shiru na wajen rabin awa ko fiye. Daga irin waɗannan ɗakuna ne zaman shiru da allura suka saba tafiya tare a asibitocin Yamma.

Muryar da ke jagora

Ita kuma muryar da ke cewa ja numfashi, saki, ta shiga asibiti ta wata ƙofar. A 1975 wani likitan zuciya na jami'ar Harvard, Herbert Benson, ya wallafa sakamakon awon da ya yi wa masu zaman natsuwa. Ya ga bugun zuciya yana raguwa, numfashi yana lafawa, jiki yana rage cin iska. Ya kuma nuna cewa abin da ake bukata kaɗan ne: wuri mai shiru, kalma ko addu'ar da mutum ya yi imani da ita yana maimaitawa, in tunani ya ɗauke shi ya dawo ba tare da faɗa da kansa ba. A 1979 Jon Kabat-Zinn ya buɗe shiri na mako takwas a asibitin jami'ar Massachusetts, inda mai koyarwa ke jagorantar masu ciwo mai daɗewa su tattara hankalinsu a kan numfashi da sassan jiki. Ya ɗauko hanyar ne daga al'adar mabiya Buddha, ya cire mata rigar addini. A 2001 Luciano Bernardi da abokan aikinsa a Italiya suka auna masu jan carbin Kiristoci da masu maimaita kalmomin yoga, suka tarar duka biyu suna saukar da numfashi zuwa kusan sau shida a minti, alhali mutum a zaune yakan yi sau goma sha biyu zuwa ashirin.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Jikinka yana da tsarin jijiyoyi biyu da ba sa jiran umarninka. Ɗaya na tashin hankali ne: in ka ji harbi, shi ke sa zuciya ta buga da sauri, baki ya bushe, barci ya gudu. Ɗayan na hutu ne, shi ke rage bugun zuciya ya saki hanji ya yi aikinsa. Wanda ya ga tashin hankali, na farkon yakan ƙi sauka ko bayan hatsarin ya wuce, kamar mai gadin da gari ya waye bai ajiye sanda ba. Fitar da numfashi a hankali, ya fi shigarsa tsawo, yana taɓa tsarin hutun kai tsaye. Ita kuwa allura, binciken da aka yi tun shekarun 1970 ya nuna tana iya sa jiki ya saki nasa sinadaran rage ciwo, waɗanda ake kira endofin.

Abin da gwaji ya nuna

A nan ne aikina ya tilasta mini in faɗa maka abin da masu talla ba sa faɗa. A Jamus an yi babban gwaji a kan ciwon baya mai daɗewa, aka wallafa shi a 2007, da majinyata 1,162. An raba su uku. Kashi na farko aka yi musu allura bisa ƙa'idar Sin. Kashi na biyu aka tsira musu allura sama-sama a wuraren da ba na ƙa'ida ba, ba tare da sun sani ba. Kashi na uku aka ba su kulawar da aka saba, ta magani da gashi da motsa jiki. Bayan wata shida, waɗanda suka sami sauƙi a kashi na farko sun kai 47.6 cikin 100, a na biyu 44.2, a na uku 27.4.

Ka dubi waɗannan alƙaluma da kyau. Waɗanda aka yi wa allura sun fi samun sauƙi, wannan gaskiya ne. Amma allurar ƙa'ida da ta jeka-na-yi-ka sun zo kusan kunnen doki. Abin da wannan ke nunawa shi ne babban rabo na amfanin bai dogara ga ainihin wurin da tsinin ya shiga ba. Kwanciyar rabin awa, hannun mai kulawa, sauraro, da sa ran samun sauƙi, duk suna cikin maganin. Wato abin da muka gani a inuwar zaure, wajen wanzami.

A ɓangaren zaman natsuwa, a 2014 masana a jami'ar Johns Hopkins sun tattara gwaje-gwaje 47 da suka ƙunshi mutum 3,515. Sun sami shaida matsakaiciya cewa yana rage fargaba da baƙin ciki da ciwo, ragi na gaske amma ba mai yawa ba. Waɗannan manyan bincike biyu kowanne abu guda ya auna shi kaɗai. Saboda haka wanda ya ce maka haɗa su yana ninka amfani, ko yana warkar da hawan jini da ciwon suga, ya wuce inda waɗannan shaidu suka tsaya.

Haƙƙin tsini

Duk abin da ya huda fata ya buɗe ƙofa. Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, yawancinsu kuma ba su sani ba. Wannan ƙwaya tana iya rayuwa a busasshen jini a kan ƙarfe aƙalla kwana bakwai. Goge aska da tsumma ko tsoma ta a ruwa ba ya kashe ta. Rigakafinta ya shiga cikin alluran yara a Najeriya a 2004, ke nan mafi yawan manyanmu ba su samu ba. Ta wannan ƙofa ciwon hanta nau'in C da ƙanjamau ma suke iya shiga.

Don haka in za a yi wa naka ƙaho, ka sayi sabuwar reza ka buɗe ta a gabanka, a yi amfani da kofin da ba a sa wa kowa ba. Wanzamai da yawa sun riga sun karɓi wannan, wanda ya ƙi kuwa ka nemi wani. In allurar Sin ce, ta zama sabuwa a cikin ledarta, a jefar bayan an gama, mai yin kuma ya zama ya koya a inda aka sani, domin allurar da ta nutse a ƙirji ko saman baya tana iya huda huhu. Akwai kuma waɗanda bai kamata a fitar musu da jini ba sai likita ya duba: mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin da clopidogrel da asfirin, mai sikila, mai ƙarancin jini, mai juna biyu, da ƙananan yara. Mai ciwon suga kada a tsaga masa ƙafa, domin ƙaramin rauni a wurinsa yana iya zama gyambon da zai ci ƙafar.

Ba zan ɓoye laifin namu ɓangaren ba. A 1963, shekarar da likitocin Sin suka sauka Aljeriya, kamfanin Roche ya fito da ƙwayar diazepam da sunan Valium, duniya ta karɓe ta a matsayin natsuwa a cikin kwalba. Yau ana sayar da ita a teburin kasuwa ga duk mai kukan rashin barci. Tana da amfani a hannun likita na ɗan gajeren lokaci. In aka daɗe ana sha, jiki yakan saba, dattijo ya riƙa jiri yana faɗuwa, in kuma aka yanke ta farat ɗaya tana iya jawo jijjiga. Wanda ya riga ya saba da ita kada ya daina da kansa, ya zo a rage masa a hankali.

Komawa Kagara

To, me na gaya wa saurayin nan da layi ya ragu? Na ce masa ba sai ya sayar da buhun albasa ya tafi neman mai allura ba. Rabon da ya fi amfani a cikin bidiyon nan yana cikin gidansu, kyauta. Bayan sallar isha, a sami wuri mai shiru, a kashe rediyo, a ajiye waya. Baba ya zauna ko ya kishingiɗa. Wanda ya fi sakewa da shi ya zauna kusa, ya ɗora hannu a kafaɗarsa, ya riƙa ƙirga masa da murya ƙasa-ƙasa: huɗu yana jan numfashi ta hanci, shida yana saki. Minti goma ya isa. In yana da abin da ya saba karantawa, ya ɗora shi a kan fitar numfashin. In rufe ido yana dawo masa da abin da ya gani a daren nan, ya bar idonsa a buɗe, ya dubi wuri guda. In abin ya ƙara tayar masa da hankali, a tsaya. A bar goro da shayi da kofi daga la'asar. A riƙa auna jininsa ana rubutawa a takarda, a zo da ita ranar ganin likita.

Na kuma gaya masa alamun da ba a jira da su. In mafarkin tsoro da firgita sun wuce wata guda, in ya daina cin abinci ko ya daina shiga mutane, in ya fara cewa gara ya mutu, a kai shi asibiti ba tare da jin kunya ba. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware domin irin wannan aka gina shi, zuwa can kuma ba ya nufin hauka. Ciwon ƙirji, nauyin harshe, ko mutuwar hannu ko ƙafa kuwa, wannan na gaggawa ne, ko tsakar dare ne a nemi mota.

Da wata ya zagayo, ya dawo karɓar magani da 'yar takardar awo a aljihu. Ya ce ƙanwarsa ce ke yi wa Baba ƙirgar, domin ita ba ta gaggawa. Har yanzu in kare ya yi haushi da dare yakan farka, amma yana komawa barci, ƙwayarsa kuma bai tsallake ko ɗaya ba. Na ƙirga masa ta wata mai zuwa, na ce ya gaishe da Baba.

Kai ma mai karatu, in kana da irin wannan majinyaci a gida, ka ba shi zaman da wanzami yake bayarwa, ka ba shi muryar da za ta lallashe shi, ka tsare fatarsa daga ƙarfen da ya taɓa wani, ka kuma riƙe maganin da likita ya rubuta. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasarmu.